Kafin ku sayi sifikun 5.1 na kwamfuta

Jama'a, mai son sauti ya zagaye masa ɗaki, ya fara leƙa bayan kwamfutarsa. Tsarin 5.1, wato sifiku biyar da wufa ɗaya (sifikar da ke fitar da sauti mai kauri), ramuka uku yake buƙata: kore na sifikun gaba, baƙi na baya, ruwan lemo na tsakiya da wufa. Laftof galibi rami ɗaya gare ta, sai an ƙara katin sauti na USB, wani kuɗin kuma.

Kada lambar ƙarfin sauti ta PMPO da aka zuba a jikin kwali ta ruɗe ku, talla ce kawai. Ta RMS za ku duba, ita ce ke nuna ainihin ƙarfin sifikun.

In kuɗin ba yawa, ɗakin kuma ƙarami, ni dai 2.1 (sifiku biyu da wufa ɗaya) mai inganci zan ɗauka, irin Logitech Z313, tunda yawancin bidiyon YouTube sitiriyo ne, wato sautin hagu da dama kawai. In kuma 5.1 ɗin dai, a jona a shago, ku ji sifikun baya suna fitar da sauti kafin ku biya.