Yadda ake saka antiX Linux a ƙaramar Asus Eee PC

Ana ta tambaya ko za a iya saka antiX, wato nau'in Linux mara nauyi da ke maye gurbin Windows, a ƙaramar kwamfutar Eee PC mai processor Intel Atom N270 da RAM 1GB, wadda Windows 10 ta yi wa nauyi. Asus bai yi ta don antiX ba, amma tana ɗauka.

1. Kwashe fayilolinka zuwa wani wuri, domin komai zai goge.
2. Sauke antiX na 32-bit, mai 386 a sunansa. Hattara: N270 ba ya ɗaukar 64-bit. Nan mutane ke asarar data a banza.
3. Samo filashi mai 4GB wanda babu komai ciki.
4. A wata kwamfutar, zuba fayil ɗin antiX cikin filashin da Rufus, manhajar da ke shirya filashi don a iya kunna kwamfuta da shi.
5. Jona caja. Batirin waɗannan tsofaffin ba abin dogaro ba ne.
6. Soka filashin a Eee PC.
7. Kunna ta, ka yi ta danna Esc.
8. Zaɓi sunan filashin.
9. Idan antiX ya buɗe, gwada Wi-Fi da sauti tukuna.
10. Danna Installer.
11. Zaɓi faifan cikin kwamfutar. Duba girmansa da kyau, kar ka zaɓi filashin.
12. In an gama, zare filashin.
13. Sake kunnawa.