Kurakuran da aka fi yi wajen kallon zanen 'yan matan Grigorescu

Abin yana ci mini rai in ga mutum ya tsaya gaban zanen Nicolae Grigorescu (1838-1907), ya ce "kai, kyakkyawa ce", ya ɗauki hoto da waya, ya wuce. Mai zanen da Romaniya ta sa fuskarsa a takardar kuɗinta ta lei 10 ya wuce kallon daƙiƙa biyar.

Babban kuskure shi ne kafewa wuri guda ana kallon fuska kaɗai. Grigorescu ya tafi Faransa a 1861, ya zauna da masu zanen ƙauyen Barbizon, waɗanda ke fita fili suna aiki da hasken rana. Shi ya sa hannunsa ke da sauri. Idan ka matsa kusa, hannun rigar yarinyar shafe-shafen fenti ne, wani wurin da kauri har ana ganin sawun buroshi. Sai ka ja baya ya koma yadi. Wanda ya tsaya kusa zai ce aikin bai kammalu ba, wanda ya tsaya nesa ba zai ga gwanintar ba. Ni ga yadda nake yi: mita uku tukuna, sannan rabin mita, sannan in koma baya. Ina miƙa hannu in kare fuskar da babban yatsa na minti ɗaya. A nan ake gane cewa farar rigar ba fara sol ba ce, akwai ruwan toka, shuɗi-shuɗi da rawaya a cikinta. Allon waya yana cinye wannan duka. Haba! A je gidan adana zane na ƙasa da ke tsohuwar fadar sarki a Bukarest, ko gidansa na garin Câmpina inda ya rasu, sannan a kalli aikin ta cikin waya?

Na biyu, kiran kowace mace budurwa. Ku dubi kanta. Dogon mayafin siliki mai shara-shara da suke kira maramă, irin na matan yankin Muscel na Romaniya, a al'adance na matar aure ne. Mu da muke gane amarya daga lulluɓinta bai dace wannan ya wuce mu ba. Ku dubi kafaɗa kuma, wurin da aikin allura ya fi cika, wanda suke kira altiță. UNESCO ta sa wannan sana'a cikin gadon duniya a 2022.

Ba kowace mace a zanen Romaniya ce 'yar ƙauye ba. Wadda Constantin Daniel Rosenthal ya zana a 1850 riƙe da tuta ƙasar Romaniya ce kanta aka siffanta da mace, wata mata mai suna Maria Rosetti ce ta zauna masa ya zana.

Kuma kada a ɗauka zanen rigar Romaniya na 1940 na Grigorescu ne, na mai zane Matisse ne, Bafaranshe.

A kashe filashin kyamara. Kuma kada a sayi zane don sa hannu kawai, jabun Grigorescu sun yi yawa, a nemi takardar ƙwararre da tarihin hannayen da zanen ya bi.