Yadda Ake Kama Gidan Haya da Cin Abinci a Tsibirin Sisiliya

Tsibirin Sisiliya na ƙasar Italiya shi ne mafi girma a Bahar Rum, kuma wanda zai yi mako ɗaya ko biyu a can tare da iyalinsa zai fi samun sauƙi idan ya kama gidan haya mai ɗakin girki maimakon otal, musamman idan yana kiyaye abin da ke shiga cikinsa.

Abu na farko shi ne zaɓen unguwa. A Palermo, babban birnin tsibirin, gidan da ke kusa da kasuwar Ballarò ko ta Capo ya fi amfani, domin da safe mutum zai taka da ƙafa ya sayo kifi, tumatir, gauta da lemo, kuma a kewayen Ballarò akwai mahauta Musulmi masu sayar da naman halal. Sai dai unguwannin tsakiyar gari ba su rasa hayaniya har cikin dare, kuma yawancin tsofaffin benayensu ba su da na'urar hawa, saboda haka mai tafiya da tsoho ya tambayi hawa na nawa gidan yake kafin ya biya ko sisi.

Na biyu, a duba tallar gidan a ga ko tana ɗauke da lambar rajista da ake kira CIN, wadda dokar Italiya ta wajabta wa gidajen haya na gajeren zama tun daga watan Janairun 2025. Gidan da ba shi da ita, a bar shi. A kuma tabbatar akwai na'urar sanyaya ɗaki idan tafiyar ta bazara ce, domin a kusa da birnin Sirakusa na tsibirin aka auna zafin da ya kai digiri 48.8 a watan Agustan 2021. Takardar shaidar kama gidan tana cikin abubuwan da ake nema wajen bizar Shengen, wato bizar shiga Italiya da sauran ƙasashen Turai da dama, don haka a adana ta.

Ranar isowa mai gida zai nemi fasfon kowa. Kada wannan ya tayar da hankali, domin doka ce ta ɗora masa kai sunayen baƙinsa ga 'yan sanda cikin awa 24. Zai kuma karɓi ɗan harajin kwana na ƙaramar hukuma a garuruwan da ke karɓarsa. Kafin ya tafi, a tambaye shi ranakun fitar da shara, tunda ana ware roba, takarda, kwalba da ragowar abinci kowanne daban, a kuma sa ya nuna inda makunnin mita yake. Gidaje da yawa a Italiya wutarsu ba ta wuce kilowat 3 ba, kuma da zarar an haɗa na'urar sanyi da ta dafa ruwa da tanda, sai wuta ta ɗauke.

Cin abinci a waje shi ne inda aka fi bukatar lura. Ana cin abincin rana daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa uku, na dare kuwa ba kasafai ake fara shi kafin takwas ba, wanda ya je da ƙarfe shida yana iya tarar da ƙofa a rufe. Kalmomi uku ya kamata Musulmi ya haddace: "maiale" naman alade ne, "strutto" kitsensa ne, "vino" kuwa giya ce. Ta biyun ta fi ɓuya. Da kitsen alade ake soya saifar da ake cusawa a burodi a titunan Palermo, kuma a al'ada ana zuba shi tare da giya a ƙullin cannoli, wani soyayyen kayan zaƙi da ake cusa wa cuku mai sukari, alhali a ido babu abin da zai nuna hakan. Curin shinkafar nan da ake kira arancina ma sau da yawa akwai naman alade a cikinsa. Tambaya ba ta rage komai, kuma masu hidima sun saba da ita.

Abin da ya rage bayan an cire waɗannan ya ishi mutum. Akwai pasta alla Norma ta birnin Kataniya, wato taliya da soyayyen gauta da tumatir da cuku, akwai taliya da kifin sadin, akwai caponata, wato haɗin gauta da wasu kayan lambu mai ɗan tsami da zaƙi, akwai kuma panelle, wanda ake yi da garin wani irin wake a soya, ɗan uwan ƙosai ne ta wajen dangi na nesa. A birnin Trapani ana cin kuskus da romon kifi, abincin da ke tuna wa mutum kusancin tsibirin da Tunisiya da kuma zamanin da Musulmi suka mulke shi bayan saukarsu a garin Mazara a shekarar 827. Ko a kifin ma a tambaya ko an yayyafa masa giya wajen dahuwa.

A lura da farashin ɗanyen kifi, domin sau da yawa ana rubuta shi ne a kan kowane giram 100, ba a kan faranti ba, saboda haka a sa su auna shi su faɗi kuɗinsa tukuna. A takardar biya za a ga "coperto", kuɗin zama a tebur da burodi, wanda ake lissafawa a kan kowane mutum. Ba a kawo takardar sai an nema, ana cewa "il conto", kuma ihsani ga mai hidima ba dole ba ne, ko da yake wasu sukan bar 'yan canjin da suka rage a kan tebur.