Yadda zaki kula da poinsettia har bayan Kirsimeti

Fulawar nan mai jan ganye da ake ajewa a falo lokacin Kirsimeti, asalinta daga Meziko ne, shiyasa bata shiri da sanyi ko kaɗan.

Da farko dai tun wajen saye ki leƙa tsakiyar jan ganyen, akwai wasu ƴan ƙananan furanni ruwan ɗorawa, in sun fara zubewa toh ta kwana biyu, ki zaɓi wata.

Kina zuwa gida ki cire takardar ƙyalƙyalin nan da ake naɗe tukunyar da ita ko ki huda ƙasanta, don ita ke riƙe ruwa saiwar ta ruɓe. Sai ki ajeta kusa da taga inda haske ke shiga amma banda rana kai tsaye, banda bakin ƙofa, banda ƙarƙashin fanka ko AC. Masu zama Jos ku kula sosai, in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 ganyen zubewa yake.

Ban ruwa kuma nan ne yawanci ake kasheta wlh, mutum ya ga hunturu ya busar da komai sai yayi ta ɗura mata kullum. A'a. Ki tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji ta bushe ki zuba har ya ɗiga ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru a faranti.

Ƙurar hunturu kuwa ki goge da tsumma mai laima a hankali. In reshe ya karye farin ruwan da ke fita daga jikinsa na sa ƙaiƙayi, ki wanke hannu, kar yara su taɓa.