Yadda za ka gane ko tsohon ɗan resilin ɗaga yaro yake ko danne shi yake

Wannan musun dai baya ƙarewa a gidan kallo, da zarar wani tsohon zakara ya dawo aka kunna kiɗansa sai wuri ya rabu biyu, wasu suna ihu don murna wasu kuma suna cewa shikenan an zo cinye wa yara abinci. Ni abin ya dame ni sosai saboda na ga yara masu baiwa da aka kashe musu kasuwa a dare ɗaya, shi yasa nake so in nuna maka abubuwan da nake dubawa kafin in yanke hukunci.

Da farko ka cire dambe da kokawarmu a ranka. A dambe in tsohon hannu ya kashe sabon yaro to ƙarfinsa ne ya bashi, ba wanda zai yi ƙorafi. Resilin kuwa rubuta shi ake yi, kamfani ne ke zaunawa ya ce wane zai ci wane zai faɗi, don haka in ka ga tsoho ya doke yaro to shawara ce wasu suka yanke, kuma tambayar da za ka yi ita ce me yaron ya samu a ciki.

Saboda haka kar ka tsaya a kan waye lafari ya ɗaga hannunsa. Je ka nemo wasan tsohon zakara Bret Hart da Steve Austin mai tasowa a WrestleMania 13, babban taron shekara na kamfanin WWF (WWE a yanzu), a 1997 ka kalla da kyau. Bret ne ya ci fa. Amma duba yadda aka ci ɗin, ya murɗe ƙafafun Austin da Sharpshooter, jini na bin fuskar Austin har cikin haƙora, yana ta yunƙurin tashi amma ya ƙi cewa ya sallama har ya suma, sai Ken Shamrock ya tsayar da wasa. Bret ya fita ana masa ihun tir, Austin ya fita da ƙafarsa yana ɗingishi jama'a na kiran sunansa, shekara ɗaya bayan nan ya ɗau bel a hannun Shawn Michaels. Ka ga an kayar da shi amma wallahi ba abin da ya ɗaga shi kamar wannan faɗuwar.

To yanzu ɗora wannan kusa da SummerSlam na 2010. Yaran Nexus, wata ƙungiyar sababbin 'yan wasa ƙarƙashin Wade Barrett, sun shigo a watan Yuni sun farfasa ringi sun lakaɗa wa John Cena duka, kowa na tsoronsu. Da aka zo babban wasa na ƙungiya da ƙungiya da ake cire mutum ɗaya-ɗaya, sun buga kan Cena a kan siminti, ya rage shi kaɗai su kuma su biyu, amma ya farfaɗo ya cire Justin Gabriel ya sa Barrett ya sallama. Daga ranar ba wanda ya ƙara jin tsoron Nexus, Barrett kuma har ya daina wasa bai taɓa riƙe babban bel ba.

Abu na biyu, ka sa ido a jikin tsohon lokacin da yaro ya dake shi. Yana nuna ya ji zafi, yana tangaɗi yana riƙe haƙarƙari, ko miƙewa yake kamar sauro ne ya cije shi? Nan ake gane mai son yaro ya ci gaba. Mick Foley gwani ne a wannan, a Backlash na 2004 ya shiga da Randy Orton lokacin ana yi wa Orton kallon ɗan gayu kawai wanda baya son wahala, aka yi wasa da waya mai ƙaya da ƙananan ƙusoshi, Orton ya faɗa kan ƙusoshin nan da gadon baya ba riga suka cake shi, ya tashi ya ci wasan. Wata huɗu bayan haka ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 24.

Sai maganar bel, nan ne zuciyata ta fi ɓaci. Ka tambayi kanka, tsohon nan yana buƙatar bel kafin mutane su sayi tikitin ganinsa? In amsar a'a ce to me ya kai bel hannunsa. Goldberg yana da shekara 50 ya karɓe bel ɗin Universal a hannun Kevin Owens a 2017 cikin ƙasa da rabin minti, mutumin da ya yi wata shida yana ɗauke da shirin Raw duk sati. Aka sake a Riyad ta Saudiyya a Fabrairun 2020, The Fiend, ɗan wasan nan mai sa fuskar dodo da aka yi watanni ana nuna mana ba a iya kayar da shi, Goldberg ɗan shekara 53 ya gama da shi a wajen minti uku. Irin wannan ne ya taimaka wajen rusa kamfanin resilin na WCW, Hulk Hogan ya taɓa Kevin Nash da ɗan yatsa kawai Nash ya faɗi ya miƙa masa bel a Janairun 1999, su Chris Jericho da Eddie Guerrero suna ƙasa suna jira har suka gaji suka koma WWF, a 2001 aka sayar da kamfanin.

In kana son ganin yadda ake yi daidai to kalli tsohon ɗan wasa Sting a kamfanin AEW. Ya zo ƙarshen 2020 ya tsaya a gefen Darby Allin kamar uba da ɗa, bai nemi babban bel ba, duk wasannin da ya yi na haɗin gwiwa ne, kuma ranar da ya yi ritaya a Maris 2024 yana da shekara 64 Darby ne ya diro daga saman tsani ya faɗa kan gilashi, mutane suka tafi gida suna maganar su biyun.

Na ƙarshe kuma shi ya fi buƙatar haƙuri, kar ka yanke hukunci a daren. Ɗau biro ka rubuta sunan yaron, ka dawo bayan wata shida ka duba ina yake a jerin wasanni, shi ke rufe shiri ko an maida shi buɗe fage, ana bashi makirufo ko bayan wani yake tsayawa, in kiɗansa ya tashi jama'a na motsi ko shiru. Dalili kuwa wani lokacin tsohon ya yi nasa kamfani ne ke sakaci. Cena ya kwanta wa Austin Theory a WrestleMania 39 a 2023, amma da dukan ƙasan mara aka ci, kuma kafin wasan an bar Cena ya wanke shi tas a makirufo a gaban jama'a, bayan nan ba wani labari mai ƙarfi da aka ɗora shi a kai. Batista kuwa da ya doke tsohon zakara Triple H a WrestleMania 21 a 2005, sai da aka sake haɗa su sau biyu a Backlash da Vengeance, duka biyun Batista ya ci, har da na cikin keji.