Git da rsync: kowanne da aikinsa

Duk mai koyon rubuta manhaja da ya ce mini "ai ina da kwafi a wata kwamfuta", tambaya ɗaya nake yi masa: in ka goge fayil yau bisa kuskure, gobe za ka same shi a can?

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin aikin Linux (wani tsarin sarrafa kwamfuta), tarihin aikinka yake adanawa. Duk lokacin da ka yi `git commit`, yana riƙe yadda aikin yake a lokacin, da wanda ya taɓa shi, da dalilinsa. `git log` zai jero maka su, ka koma wanda kake so.

Shi kuwa rsync, na Andrew Tridgell da Paul Mackerras tun 1996, madubi ne, ba ruwansa da jiya. Yana duba wurare biyu, inda fayilolin suke da inda ake kwafa su, ya tura abin da ya bambanta kaɗai, shi ya sa ba ya cin data sosai. Amma in ka haɗa masa da `--delete`, abin da ka goge nan ya gogu can.

Ga yadda nake raba musu aiki. Duk abin da na rubuta da hannuna yana cikin Git, kuma ina yin commit ƙanana, kowanne da bayanin da zan gane bayan shekara. Manyan fayiloli, irin su bidiyo da hotuna, rsync nake bar wa. Kafin in saki umarnin rsync sai na sa `-n`, ya nuna mini abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Don Allah kada ka tsallake wannan.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne `git clone --mirror`. Git ne, amma halin madubi gare shi: reshen aiki (branch) da aka lalata a asali, haka zai iso. A watan Maris 2013 babbar sabar Git ta KDE, wata ƙungiyar masu rubuta manhaja, ta samu matsala, madubanta suka kwafe ɓarnar, saura ƙiris su yi asarar ma'ajiyoyinsu.

Saboda haka duk mako ka yi `git bundle create ajiya.bundle --all`, wanda ke tattara duk tarihin aikin cikin fayil ɗaya, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin, ka ajiye shi a faifan da babu madubin da ke rubutu a kansa. Lokaci-lokaci ka gwada yin `git clone` daga cikinsa, ka tabbatar yana buɗewa.