Kurakuran da masu sayen mota ke yi idan dila ya ce su biya kuɗin sabis tun kafin lokaci

An gama ciniki. Ka zagaya motar sau uku, ka leƙa inji, ka ɗana ta, an daidaita a kan farashi. Sai a ce saura sa hannu, a shigar da kai wani ƙaramin ofis inda wani mutum mai fara'a yake zaune bayan kwamfuta da tulin takardu. A nan ake kawo maganar: "Yallaɓai, akwai wani tsari da muke yi wa kwastomominmu. Ka biya kuɗin sabis na shekara uku yanzu, shi ke nan. Duk sanda lokaci ya yi ka kawo ta kawai, ko sisi ba za ka ƙara ba."

Na taɓa zama a kan wannan kujerar, kuma na sa hannu. Sai da motar ta yi wata takwas a hannuna na zauna na karanta abin da na saya. Ba zan ce an cuce ni ba, don duk abin da aka rubuta an yi mini. Amma da na san abin da na sani yanzu, da ko dai ban saya ba, ko kuma na saya a ƙasa da haka sosai.

Kuskure na farko shi ne yanke shawara a cikin wannan ofishin. Mutum ya gaji, ya ƙosa ya karɓi makulli, kuma idonsa ya riga ya saba da manyan lambobi: wanda ya amince da kuɗin mota guda, kuɗin sabis sai ya zama masa kamar canji. Mai ofishin ya san haka, kuma galibi yana da kamisho a kan duk abin da ya ƙara maka. Gyaran abu ne mai sauƙi. Ka ce a ba ka takardar yarjejeniyar ka tafi da ita gida, ka kuma tambayi har zuwa yaushe za a iya sayen tsarin. Da yawa daga cikin irin waɗannan tsare-tsaren ana sayar da su bayan an fita da mota, muddin ba ta wuce wasu watanni ko wasu kilomitoci ba. Idan aka ce maka "yau kaɗai ne", ka sa a nuna maka inda aka rubuta haka.

Lissafin da kusan kowa ke tsallakewa

A cikin akwatin gaban mota akwai littafin da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta, kuma a cikinsa akwai jadawalin sabis: me za a yi, a kilomita nawa, ko bayan wata nawa. Wannan littafin shi ne alƙali, ba takardar talla mai sheƙi da dila ya miƙo maka ba. Mafi yawan masu mota ba su taɓa buɗe shi ba.

Da na buɗe nawa, ga abin da na tarar. Tsarin da na saya ya ce "sabis shida cikin shekara uku". Adadin ya yi daɗin ji. Amma littafin ya ce juyen baƙin mai da canjin filta sai bayan kilomita 16,000 ko wata 12, duk wanda ya riga zuwa. Ni kuwa ba na cika kilomita 12,000 a shekara. Ke nan juye uku kacal nake bukata a shekara ukun. Sauran zuwan ukun, aikinsu shi ne a sassauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, a duba ruwan birki da na lagireto, a haska tocila a ƙarƙashin mota, a miƙo mini takarda mai ɗauke da alamomin "lafiya lau". Aiki ne mai amfani, ban raina shi ba, amma ba shi da tsada, kuma wasu masu sayar da taya kyauta suke yi wa wanda ya sayi taya a wurinsu.

Abin da ya kamata in yi tun farko, wanda kai ma za ka iya yi cikin rabin awa: ka rubuta duk ayyukan da littafin ya ce za a yi a tsawon lokacin tsarin, gwargwadon tafiyar da kake yi da gaske, ba wadda kake fatan yi ba. Sannan ka kira sashen sabis na wannan dilan, ba sashen sayarwa ba, ka tambayi kuɗin kowane aiki idan mutum zai biya da hannunsa. Ka kira wani gareji mai zaman kansa da ka yarda da shi, ka yi masa tambaya iri ɗaya. Ka tara. Yanzu kana da lambobi uku a gabanka, kuma ba ka bukatar kowa ya gaya maka wanda ya fi. Ni da na yi wannan daga baya, jimillar farashin dilan kansa ta gaza abin da na biya na tsarin. Wato na biya tun kafin lokaci, kuma na biya fiye.

Wani abu da ke rikita lissafin shi ne tsohuwar ƙa'idar juye a kowane mil 3,000, wato kusan kilomita 5,000. Ta dace da injuna da man zamanin da. Injunan yanzu masu amfani da man sintetik da yawansu suna kai ninki biyu ko uku na wannan. Idan tsarin dila ya cika jadawali da juye a kai a kai fiye da yadda littafin ya ce, adadin "sabis" ɗin zai yi yawa a takarda, sai ragin da ake cewa an yi maka ya yi kama da babba, alhali aikin da ba a bukata aka lissafa. Sai dai a lura: littafin yakan ware jadawali na biyu ga motar da ke shan wahala, wadda ke yawan tafiya cikin ƙura, ko gajerun tafiye-tafiye da inji ba ya gama ɗaukar zafi, ko jan kaya, ko tsayuwa cikin cunkoso inji na aiki. Idan motarka na cikin wannan rukunin, da wancan jadawalin za ka yi lissafi, kuma ka tabbatar tsarin ya yarda da shi. Wasu tsare-tsaren jadawalin sauƙi kawai suke biya, ƙarin juyen kuma daga aljihunka.

Sabis daban, gyara daban

Wannan kuskuren shi ya fi jawo cacar baki a gaban teburin sabis. Mutum ya ji an ce "ba za ka ƙara biyan komai ba", sai ya ɗauka duk abin da ya sami motar an ɗauke masa. Tsarin sabis aikin yau da kullum kawai yake biya: mai, filta, sauya wa tayoyi wuri, dubawa. Idan giyabos ya lalace ko na'urar sanyaya mota ta mutu, wannan maganar garanti ce, ko wata yarjejeniyar gyara ta daban da ita ma ake sayarwa a wannan ofishin. Kayan da ke cinyewa da amfani kuwa, irin su kayan birki, tayoyi, batir da robar goge gilashi, galibin tsare-tsaren ba su ɗauke su, sai masu tsada da suka ambace su da suna. Ka nemi shafin da aka jera abubuwan da ba a biya, ka fara karanta shi kafin na abubuwan da ake biya.

Ka kuma duba inda tsarin ya ƙare. Shekarun farko na sabuwar mota su ne mafi arha a wajen sabis. Manyan ayyuka, kamar canjin fulogi, man giya, ruwan lagireto ko bel ɗin inji a motocin da ke da shi, suna zuwa ne can gaba, wasu sai an doshi kilomita 100,000 ko an wuce. Tsarin da ya tsaya a kilomita 50,000 ya kwashe masu sauƙin ya bar maka masu nauyin.

Akwai kuma masu sayen abin da aka riga aka ba su kyauta. Wasu kamfanoni suna haɗa sabis na farko a cikin kuɗin sabuwar mota. A Amurka, alal misali, a shekarar 2024 Toyota ta ba da sabis kyauta mai suna ToyotaCare na shekara 2 ko mil 25,000, BMW kuma ta ba da na shekara 3 ko mil 36,000. Abin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka tambaya a inda kake. Idan akwai irin wannan, tambaya ta gaba ita ce: tsarin da ake sayar mini daga yaushe zai fara ƙirga? Idan daga ranar sayen mota ne, "shekara huɗu" na iya zama shekara biyu a zahiri.

Cusa shi cikin bashin mota

"Ai ba za ka ji shi ba, ɗan abu kaɗan ne zai ƙaru a biyanka na wata." Gaskiya ne ba za ka ji shi ba, kuma a nan matsalar take. Da zarar an haɗa kuɗin tsarin da bashin motar, shi ma ya fara haihuwar kuɗin ruwa. A ce ruwan kashi 10 cikin 100 ne a shekara, bashin kuma na shekara 5: abin da za ka biya a ƙarshe ya haura farashin da aka faɗa maka da kusan kashi 27 cikin 100. Idan na shekara 6 ne, ya kai kashi 33. Ragin kashi 15 ko 20 da aka yi maka alkawari ya narke ke nan, har da ƙari. Kuma sai ka ga tsarin shekara uku ya ƙare, kai kana nan kana biyan kuɗinsa shekara biyu bayan haka. Idan har za ka saya, ka biya shi daban, kuma ka ƙi yarda a yi maka magana da "nawa a wata". Ka nemi jimilla.

Tsoron rasa garanti ma yana tura mutane. Wani mai sayarwa zai nuna maka, ko da bai faɗa ƙarara ba, cewa idan wani bakanike ya taɓa motar garanti ya tashi. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ɗaura garanti a kan sai an yi sabis a wurinsa ko da kayansa, sai in kyauta yake bayarwa. Tarayyar Turai ma tana da ƙa'ida ta 2010 da ke kare 'yancin mai mota ya kai ta gareji mai zaman kansa. Sharaɗin dai shi ne a bi jadawali, a sa man da kayan da suka dace, a kuma adana rasit mai kwanan wata da adadin kilomita. Idan aikin bakaniken ne ya jawo lalacewar, kamfani na iya ƙin biyan wannan gyaran. Ba kowace ƙasa ce ke da irin wannan dokar ba, saboda haka ka karanta takardar garantinka da idonka maimakon dogaro da bakin mai son sayar maka da abu.

Wa ya tsaya wa tsarin?

Tambayar da ban yi ba ke nan. Akwai tsarin kamfanin da ya ƙera motar, wanda ke aiki a wurin duk wani dilansa. Akwai na dilan kansa, wanda ba ya aiki sai a garejinsa. Akwai kuma na wani kamfani na uku da ba ka taɓa jin sunansa ba. A baki duka ɗaya suke, a takarda kuwa sun sha bamban. Wani abokina ya sayi na dila, bayan shekara guda aiki ya mayar da shi wani gari mai nisan tafiyar awa shida. Sauran sabis huɗu suna nan a takarda, amma ba mai hankalin da zai ƙona tanki guda na fetur don a yi masa juye kyauta. Da ya nemi a mayar masa da ragowar kuɗin, sai aka nuna masa layin da ya ce an rufe wannan ƙofar tun bayan kwanakin farko.

Saboda haka kafin sa hannu ka sa a nuna maka amsoshin waɗannan a rubuce: idan na sayar da motar, tsarin zai bi ta zuwa ga sabon mai ita, kuma da kuɗi ko kyauta? Idan ta yi hatsarin da ba ta gyaruwa ko aka sace ta fa? Idan na fasa, nawa za a dawo mini da shi, kuma hannun wa zai shiga? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, don idan tsarin na cikin bashi, sau da yawa mai ba da bashin ake tura wa kuɗin a rage daga abin da ake binka. Sannan idan lokacin sabis ya wuce ban kawo motar ba, ya ƙone ko yana jirana?

Ko da kana da tsarin, ka sani zuwanka gareji dama ce ta tallata maka wasu ayyukan. "Alhaji, mun ga filtar iska ta yi baƙi, ga kuma wankin inji da ya kamata a yi." Wani lokaci gaskiya ne. Ka ce a nuna maka filtar, ka duba littafin ka ga ko aikin yana ciki.

Kada kuma a wuce gona da iri a ce duk tsarin banza ne, wannan ma kuskure ne. Mai motar alfarma, wadda sabis ɗinta a wurin dila ke da tsada kuma ba kowane bakanike ke da na'urar duba ta ba, yakan ci riba da tsarin kamfani, musamman idan ya haɗa da kayan birki. Haka wanda dama a wurin dila zai riƙa yin sabis ko da tsari ko babu, kuma yana tafiya mai yawa da zai cinye duk abin da ya biya. A lokacin da farashin kaya ke hauhawa da sauri, kulle farashin yau na shekaru masu zuwa riba ce ta gaske, muddin wanda ka ba kuɗin zai kai lokacin yana aiki. Akwai ma wanda ya san halinsa: idan bai riga ya biya ba, sai ya yi ta ɗaga juye har inji ya fara ƙara. Irin wannan, ko da ya ɗan yi asara a lissafi, ta fi sauƙi a kan sayen sabon inji. Mai mota mai lantarki zalla kuwa ya yi dogon tunani, tunda ba ta da baƙin mai, ba fulogi, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Farashin tsarin ma ana cinikinsa kamar na motar, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Da na zo canza mota, aka sake shigar da ni irin wancan ofishin, aka sake karanto mini irin waccan maganar. Na ciro takardar da na rubuta lissafina a kai, na ajiye a kan tebur: ga ayyukan da littafin ya ce, ga farashin sashen sabis ɗinku, ga jimilla. Mutumin ya dube ta, ya danna kwamfuta, ya ce zai iya rage wani abu. Ya rage, bai kai lambar da ke kan takardata ba. Ya fita ya dawo, ya sake ragewa, har yanzu da saura. Na ce a bar shi haka, a ba ni takardun motar kawai in sa hannu.